Ƙungiyar ɗalibai da ke koyar da kasuwanci, da wadda ke tara mutane lacca kawai

Idan kana so ka gane ko wata ƙungiyar ɗalibai a jami'a tana koya wa 'ya'yanta kasuwanci da gaske, tambaya ɗaya ta wadatar. A zangon karatun da ya wuce, akwai wani wanda ba ɗan ƙungiyar ba da ya ciro kuɗinsa ya ba su saboda wani aiki da suka yi masa ko wani kaya da suka sayar masa? In akwai, to ana koyon wani abu a wurin. In kuwa abin da za a nuna maka hotunan taro ne da takardun shaidar halarta, ƙungiyar sauraron lacca ce, ko da kalmar kasuwanci na cikin sunanta.

Aji yana da nasa amfanin. A can ake sanin menene jari, menene riba, yadda ake rubuta tsarin kasuwanci. Amma a aji kuskure maki yake ci, kuma malami ne ke yanke hukunci. A ƙungiya kuskure kuɗi yake ci, ko ya ci mutunci a gaban wanda aka yi wa alkawari, kuma mai saye ne ke yanke hukunci, shi da ba ruwansa da wahalar da kuka sha. Abin da ya sa wurin ya dace da mai koyo shi ne asarar ƙarama ce. Ba haya a kanku, ba albashin ma'aikata, ba iyalin da ke jiran cinikin yau. Mutum zai faɗi ya ji zafi, amma ba zai karye ba.

Wannan tsari ya daɗe. A 1967 ɗaliban makarantar kasuwanci ta ESSEC da ke Faransa suka kafa ƙungiyar da ke karɓar aiki daga kamfanoni, kamar binciken kasuwa, su yi a biya su. Ita ce ta farko a cikin abin da ake kira Junior Enterprise. Tsarin ya isa Barazil a 1988, ya yi ƙarfi har a 2016 ƙasar ta yi masa doka ta musamman, wadda ta ce ɗalibai ne za su gudanar, malamai su sa ido, kuɗin da aka samu kuma a mayar da shi cikin ƙungiyar. A Amurka an kafa ƙungiyar ɗalibai masu koyon kasuwanci mai suna Students in Free Enterprise a 1975, wadda ta koma Enactus a 2012. A Finland ɗaliban Jami'ar Aalto sun kafa ƙungiyarsu ta Aaltoes a 2009, kuma a 2011 shirya taron Slush na birnin Helsinki, wanda ke haɗa sabbin kamfanoni da masu jari, ya koma hannun ɗalibai. Taron da ya fara da 'yan ɗaruruwan mutane ya kai sama da mutum 20,000 kafin 2020. Miki Kuusi, wanda ya jagoranci taron a shekarun, shi da abokansa ne suka kafa Wolt, kamfanin kai wa mutane abinci gida, a 2014. Abin lura a nan shi ne aikin da ya horar da su: neman masu ɗaukar nauyi, sayar da tikiti, tafiyar da ɗimbin 'yan sa-kai, da cika alkawari a ranar da aka sa.

Kafin a kashe ko sisi

Kuskuren farko da kusan kowace sabuwar ƙungiya ke yi shi ne ta zauna a ɗaki ta ƙirƙiro abin da take zaton mutane na so. Maganinsa a fita a yi magana da mutanen. Shirin I-Corps na Hukumar Kimiyya ta Ƙasa a Amurka, wanda ya fara a 2011 don koya wa masu bincike kasuwanci, yana wajabta wa kowace tawaga ta tattauna da mutum 100 cikin mako bakwai kafin ta ce ta san kasuwarta. Ƙungiyar ɗalibai ba sai ta kai haka ba. Mutum huɗu, kowa ya ɗauki biyar a mako, cikin mako biyu an sami mutum 40, kuma wannan ya isa a ga inda maganganu ke maimaita kansu.

Yadda ake tambayar ya fi yawanta muhimmanci. "In muka yi kaza za ka saya?" tambaya ce marar amfani, domin mutane suna jin nauyi, kowa zai ce e don kada ya kashe maka gwiwa, musamman abokai. A tambayi abin da ya riga ya faru. Yaushe rabonka da shiga wannan matsalar? Me ka yi a lokacin? Ka kashe kuɗi a kai? Wa ka biya? Wanda bai taɓa neman mafita ba, matsalar ba ta dame shi yadda zai biya ba. A je mutum biyu, ɗaya na tambaya ɗaya na rubutu, a rubuta kalaman mutumin yadda ya faɗe su. Kada a yi tallar komai a zaman. Da zarar ka fara talla, shi kuma ya fara yi maka kara, shi ke nan ka daina jin gaskiya.

Lissafin da ke kayar da mutane

Mu ɗauki aikin da ƙungiyoyi da dama ke farawa da shi, buga riguna masu tambarin sashen karatu. Alƙaluman misali ne kawai, ku sa su a kowane irin kuɗi. A ce zane da gwajin farko da kuɗin mota sun ci 1,200, kuma wannan za a biya shi ko riga ɗaya aka buga ko ɗari. Kowace riga ta tsaya a kan 60, za a sayar 90. Ribar kowace ɗaya 30 ke nan, saboda haka riga 40 za ta mayar da 1,200 ɗin. Nan ɗalibai ke tsayawa su yi murna, su ce ai 40 ba wuya, a buga 200.

Amma riga 200 na nufin an fitar da 12,000, a haɗa da 1,200, ya zama 13,200 sun bar asusu tun kafin a sayar da ko ɗaya. Kafin wannan kuɗi ya dawo sai an sayar da riga 147. In 120 aka sayar, abin da ya shigo 10,800 ne, akwai giɓin 2,400, ga riga 80 sun yi kwantai. In an buga shekara a jikinsu, baɗi ba mai so. Galibi ma waɗanda suka rage su ne mafi girma da mafi ƙanƙanta, don an raba girman daidai-wa-daida ba tare da an tambayi masu sawa ba.

Ga ɗaya hanyar. A buga guda ɗaya a nuna, a buɗe rajista na kwana goma, duk mai so ya faɗi girmansa ya ba da kafin alƙalami rabin kuɗi. A ce mutum 80 suka biya 45 kowanne, an tara 3,600. Aikin gaba ɗaya zai ci 6,000, don haka 2,400 kawai ƙungiya za ta sa daga asusunta. Ranar karɓa kowa ya kawo ciko, jimilla 7,200, riba 1,200, ba kwantai. Ribar ba ta da yawa, amma ɗalibin da ya yi wannan lissafi da hannunsa ya gane bambancin riba a takarda da kuɗi a hannu, kuma rashin gane wannan bambanci ne ke durƙusar da manyan 'yan kasuwa ma. Ya kuma gane cewa wanda ya ce "ina so" daban, wanda ya ba da kafin alƙalami daban.

A ƙara ƙananan abubuwa biyu. A ware kamar kashi 5 cikin 100 don waɗanda za su fito da matsala, domin ba a rasa su. Sannan a nemi farashi a rubuce daga masu bugawa uku, da ranar kammalawa, kada a biya mai aiki duka kuɗinsa kafin a ga kaya.

Farfesa Saras Sarasvathy ta Jami'ar Virginia ta yi nazari a kan gogaggun 'yan kasuwa 27, ta ga cewa ba sa fara lissafi da ribar da suke fata. Suna farawa da abin da za su iya jure rasawa. Wannan ƙa'ida ta dace da ƙungiyar ɗalibai sosai. Kafin kowane aiki a tsayar da adadin da in ya salwanta ƙungiya za ta ci gaba da numfashi. Ni a ganina kada aiki ɗaya ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ke asusu.

Asusu

Ba abin da ke raba kan 'yan ƙungiya da sauri kamar kuɗi, kuma galibi ba sata ke jawowa ba, sakaci ne. An tura kuɗi asusun ma'aji na kansa, sun gauraya da nasa, wata uku bayan haka ba wanda ya san nawa ne na wa, zargi ya shiga tsakanin mutanen da jiya abokai ne.

Kuɗin ƙungiya su zauna a asusu mai sunan ƙungiya, bisa ƙa'idar da ofishin harkokin ɗalibai na jami'arku ya shimfiɗa. Mutum uku su zama masu sa hannu, kuɗi ba sa fita sai da biyu. Wanda ya nemi a kashe kuɗi ba shi ke amincewa ba. Littafin ma'aji, ko na takarda ko na kwamfuta, ya ƙunshi kwanan wata, bayani, abin da ya shigo, abin da ya fita, abin da ya rage, lambar rasit, da sunan wanda ya amince. Kowane mako a gwada littafin da bayanin banki, a ɗauki hoton kowane rasit a ranar da aka karɓe shi, don tawadar wasu na gogewa cikin 'yan makonni. Kowane wata a karanta wa kowa lissafin a taro. Ma'aji mai gaskiya shi ya fi kowa amfana da wannan, don shi ke wanke shi.

Sai bashi. Dokar ta zama guda: ba a ba ɗan ƙungiya kaya bashi, har da shugaba. Karɓo kuɗi daga baƙo ya fi sauƙi a kan karɓowa daga abokin da kuke kwana ɗaki ɗaya.

Neman mai ɗaukar nauyi ciniki ne

Yawancin wasiƙun da ɗalibai ke kai wa kamfanoni roƙo ne: mu ɗalibai ne, a taimaka mana. Irin wannan takarda aljihun tebur take ƙarewa. Kamfani yana da abin da yake nema a jami'a, ko sabbin kwastomomi, ko haziƙan da zai ɗauka aiki, ko a san sunansa. Wasiƙar ta zama shafi ɗaya da ke faɗin su waye za su halarta, su nawa, daga wane sashe, da abin da kamfanin zai samu: teburi a bakin zaure, minti goma na jawabi, tambari a jikin takardun talla. A jera mataki uku na ɗaukar nauyi, kowanne da abin da ke cikinsa, don mai zaɓi tsakanin uku ya fi saurin amsawa a kan wanda aka ce masa ya ba da abin da ya sawwaƙa.

A aika mako takwas zuwa goma kafin ranar, domin kuɗin kamfani sai ya bi ta hannun mutane da yawa kafin ya fito. A nemo sunan wanda ke da alhakin, a rubuta masa shi, a bi sawu bayan mako guda. Da yawa ba za su amsa ba, wasu za su ce a'a, kuma jin a'a sau goma ba tare da an karaya ba yana cikin manyan abubuwan da ake koya a nan. In kuɗi sun gagara a nemi kaya ko hidima, kamar zaure ko buga takardu, sun fi sauƙin bayarwa.

Abin da ake yawan mantawa shi ne bayan taro. Cikin mako biyu a aika wa mai ɗaukar nauyi rahoto: mutum nawa suka zo, ga hotuna, ga abin da aka yi alkawari, ga yadda aka cika. In an ce 300 za su zo 180 suka zo, a rubuta 180. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma wakilinsu yana zauren ya gani da idonsa. Wanda aka yi wa rahoton gaskiya shi ke dawowa baɗi.

Mutanen da ba ka biya

Shugaban ƙungiya ba shi da albashin da zai riƙe, ba shi da ikon kora irin na ofis. Duk wanda ya iya sa 'yan sa-kai su gama aiki a kan lokaci ya koyi wani abu da zai yi masa amfani ranar da zai kafa kamfani ba shi da kuɗin biyan ƙwararru. Tawagar aiki ɗaya kada ta wuce mutum biyar. Kowane aiki ya zama da suna ɗaya da rana ɗaya. In aka ce "kwamitin talla zai yi", ba wanda zai yi. Taron mako minti talatin ya isa: me ka gama, me ya rage, me ya tsare ka.

A duba kalandar jami'a tun farko. Zango yakan kai mako goma sha huɗu ko sha biyar, amma in aka cire makon rajista, da lokacin gwaje-gwaje, da makonni ukun ƙarshe da kowa ya koma ga littafi, abin da ya rage bai fi takwas zuwa tara ba. Aikin da ba zai ƙare cikin wannan ba a rage shi. Karatu ne ya kawo kowa, kuma ƙungiyar da ke jawo wa 'ya'yanta faɗuwa jarrabawa ta cuce su, komai ribar da ta samu.

Idan wani ya saɓa wa'adi sau biyu, a same shi shi kaɗai, a ji uzurinsa, a rage masa nauyi ko a miƙa aikin ga wani. Kada a yi masa wannan a zauren WhatsApp. Zance ne mai nauyi, ballantana da aboki, shi ya sa ake ta ɗagawa har aiki ya lalace.

Gasa

Gasar tsarin kasuwanci tana da amfani. Tana tilasta wa mutum ya bayyana tunaninsa cikin 'yan mintuna, ya amsa tambayar wanda bai san shi ba, ta kuma haɗa shi da masu jari. Gasar da ɗaliban jami'ar MIT ta Amurka ke gudanarwa ta fara ne a 1990 da kyautar dala 10,000, yau sunanta na ɗauke da dala 100,000. A 1998 tawagar da ta zama kamfanin Akamai ta kai zagayen ƙarshe amma ba ta ci ba, kuma hakan bai hana ta zama babban kamfanin intanet ba. Alƙalan gasa suna auna bayani ne na minti kaɗan. Abin da ke damuna shi ne ɗaliban da suka ƙware a cin gasa, suna yawo da tunani ɗaya daga wannan zaure zuwa wancan shekara biyu, ba su taɓa sayar wa kowa komai ba. Ƙungiya za ta iya toshe wannan da doka mai sauƙi: ba a tura tawaga gasa sai ta kawo shaidar cewa aƙalla mutum goma sun biya ta.

Idan aiki ya fara kama da kamfani, a zauna tun kuɗi ba su shigo ba. Na wa ne, na ƙungiya ko na mutum huɗun da suka yi shi? Jami'o'i da yawa suna da doka a kan abin da aka ƙirƙira da ɗakin gwajinsu ko kuɗin bincikensu, a karanta ta. A rubuta kason kowa. Tsarin da sabbin kamfanoni suka saba bi shi ne mutum ya mallaki kasonsa sannu a hankali cikin shekara huɗu, wanda ya tafi kafin shekara ɗaya ba shi da komai. Ga ɗalibai wannan ya fi zama dole, tunda kammala karatu zai watsa su, kuma ba adalci ba ne wanda ya yi wata uku ya riƙe kaso ɗaya da wanda ya yi shekara biyar.

Abin da ƙungiya ke ɓoyewa, da miƙa ragama

Ribar ƙungiya tana da ruɗi. Zaure kyauta ne, wuta da intanet na jami'a ne, ma'aikata ba a biyan su, kwastomomi kuma suna zaune wuri ɗaya. Wanda ya fita waje da wannan lissafi zai sha mamaki. Saboda haka bayan kowane aiki a yi lissafi na biyu: a ƙirga sa'o'in da kowa ya ba da, a yi musu kuɗi daidai da abin da ake biyan mai irin aikin, a sa hayar wuri, a ga ko ribar ta tsira. Riba 1,200 ta rigunan nan, in mutum huɗu sun ba da sa'a ashirin kowanne, ta zama 15 a kowace sa'a. Daga nan sai a tambayi kai ko wannan sana'a ce da za ta riƙe mutum. A zaman kuma a rubuta shafi ɗaya: me muka yi zato, me ya faru, me ya jawo bambancin, me za mu canja. Ba a neman mai laifi a wannan zama, in ba haka ba kowa zai ɓoye kuskurensa.

Waɗannan shafuka su ne dukiyar ƙungiya, domin shugabanninta shekara ɗaya suke yi su wuce. Ƙungiyoyi masu kyau da yawa sun mutu ne a ranar da shugabanni suka kammala karatu suka tafi da komai a kansu da wayoyinsu. A yi zaɓe da wuri, yadda tsofaffi da sababbi za su yi mako huɗu zuwa shida suna aiki tare. A miƙa littafin ma'aji da rasit, da bashin da ake bin ƙungiya da wanda take bi, da lambobin sirri na imel da shafukan sada zumunta, waɗanda tun farko ya kamata a buɗe su da adireshin ƙungiya. A canja masu sa hannu a banki kafin tsofaffi su bar makaranta, don nemo su daga baya wahala ce. Masu ɗaukar nauyi da masu kawo kaya kuwa lambar waya ba ta isa ba. Tsohon shugaba ya ɗauki sabon ya kai shi gabansu, ya ce ga wanda zai ci gaba, sannan a bar wa sabon ya jagoranci zama na gaba tsohon na gefe yana saurare.